Amsoshin Tambayoyinku: Hoton da ke ƙanƙantar da gari

Wani mai sauraronmu a Alexandria, kusa da Washington, yana tambaya: yaya zai ɗauki hoton tilt-shift, wanda ke mayar da gari kamar kayan wasan yara, ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba?

To Malam, gilashin kamara na musamman, irin TS-E na Canon, sabonsa ya haura dala 1,000. Bar shi tukuna. Sirrin hoton shi ne tsiri ɗaya a tsakiya ya fito tar, sama da ƙasa su yi dishi-dishi. Manhajar Snapseed, wadda kyauta ce, tana yin haka a waya: zaɓi Lens Blur, ka miƙar da shi kwance, ka ɗan ƙara kaifin launi.

Amma fa sai ka hau sama, don hoton da aka ɗauka daga ƙasa ba ya ruɗar ido. Hasumiyar George Washington Masonic National Memorial da ke nan Alexandria, mai tsawon ƙafa 333, ta wadatar. Daga can ka saita titin King Street da jiragen ƙasa suna shiga tasha.

In kamararka mai sauya gilashi ce, nemi adafta mai karkatawa, ka ɗaura mata tsohon gilashi na gwanjo.