Ranar da Telwa ta zo

Garinmu Agadas ba garin ruwa ba ne. Ruwan saman da ke sauka a nan cikin shekara bai cika wuce milimita 150 ba, kuma kusan dukansa cikin watannin Yuli, Agusta da Satumba yake zuwa. Sauran watanni ƙoramar Telwa yashi ce kawai. Yara suna ƙwallo a cikinta, jakuna da raƙuma suna ƙetarawa. To, yaya ruwa zai ci mutum a wuri irin wannan?

Daga ina ruwan yake?

Telwa daga duwatsun Abzin take fitowa. Ta biyo ta Dabaga da Azel, ta ratsa ta arewacin gari, sa'an nan ta baje cikin fili wajen yamma. Dutse ba ya shan ruwa kamar yadda ƙasar gona take sha. In an yi ruwa a can bisa, sai ya gangaro duka a lokaci ɗaya, ƙananan ƙoramu su zuba cikin babba. Saboda haka Telwa tana iya cika alhali a nan gari ko ɗigo bai sauka ba.

Ina ɗan shekara 10, wata rana da la'asar muna wasa cikin yashi, rana tana haske. Sai muka ji ƙugi daga nesa, kamar manyan motoci sun jero. Wani tsoho mai lambu ya daka mana tsawa: «Kai yara, ku hau gaɓa! Ku bar takalman!» Muka hau da gudu. Ba a jima ba sai ga ruwa ja wur, yana turo kumfa da itace. Takalmana suka tafi. A gida na sha faɗa, amma da na tsaya ɗaukarsu, da ban rubuta muku wannan darasi ba.

A farkon Satumba na 2009 an yi ruwa mai yawa cikin Abzin. Ruwan ya fasa madatsa, ya shiga unguwannin Agadas da dare, gidaje masu yawa suka rushe. Ku tambayi iyayenku, za su ba ku labari.

Ruwa mai gudu yana da ƙarfi ƙwarai. Wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. In ya kai santimita 60, mota ma ɗaukarta yake yi.

Ruwan da ya kwanta

Bayan ƙorama ta wuce, ruwa yakan kwanta cikin ramukan da aka haƙi ƙasar bulo. A ido kamar ba zurfi, amma ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa. Cikin duwatsu kuma akwai gurabun ruwa waɗanda Abzinawa suke kira agalmam, kamar na Timiya. Ruwansu da sanyi, bakinsu da santsi, ga duwatsu ɓoye a ƙasa. Wanda ya yi tsalle da kai yana iya fasa kai ko ya karya wuya. Ban da haka, ruwan tafki yakan ba da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini.

Wata rana waɗansunku za su je Kwatano ko Lome, su ga teku. A can ma ruwa yana da wata hanya mai jan mutum zuwa tsakiya. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita. Ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ta sake shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan 300.000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, da yawansu yara. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware ranar 25 ga Yuli don faɗakarwa a kan nutsewa. Ku lura, ranar tana faɗowa cikin daminarmu.

Dokoki biyar

1. In kun ga hadari ko walƙiya wajen duwatsu, ku fita daga ƙorama.
2. In kun ji ƙugi, ku hau gaɓa mafi kusa. Kada ku yi gudu cikin ƙoramar, don ruwa ya fi ku sauri.
3. Kada ku ƙetare ruwa mai gudu, ko da za ku makara zuwa makaranta.
4. Kada ku shiga ruwa in ba babba a wurin, ko kun iya iyo. Ruwa gwani yake ci.
5. Ku riƙe ƙannenku. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa ko cikin baho ne.

Idan wani ya faɗa

Mai nutsewa bai cika yin kuwwa ba, don numfashi yake nema. Kai da ka gan shi, kai ne za ka yi kuwwar. Kada ka faɗa bayansa, zai riƙe ka ku tafi tare. Ka kwanta rub da ciki a bakin gaɓa, ka miƙa masa sanda, ko igiya, ko rawani. Jarka marar komai, mai murfi a rufe, ita ma tana ɗaukar mutum: ka jefa masa. A aika a kira manya, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. In an fito da shi yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a rufe shi. Kada a danna masa ciki. A kai shi likita ko da ya ce ya warke.

Ma'anar kalmomi

ƙorama: hanyar ruwa wadda ke ƙafewa da rani.
gaɓa: bakin ƙorama ko bakin teku.
madatsa: ginin da ke tare ruwa.
ƙugi: ƙara mai nauyi.

Tambayoyi

1. Don me Telwa take cika ko ba a yi ruwa a gari ba?
2. Me tsoho mai lambu ya ce wa yara? Don me?
3. Waɗanne abubuwa za ka miƙa wa wanda ya faɗa ruwa?

Aiki

Ku auna santimita 15 da santimita 60 a jikin bangon aji, ku sa alama. Ina kowace ta kai a jikinku?
Ku nemi sunan ƙorama, da tafki, da teku da Faransanci.
Da dare ku faɗa wa ƙannenku dokokin nan biyar.