Kafin Ka Buɗe Bayan Motar Agaji, Ka Saurare Ni

Aikina rabon abinci ne a wuraren da bala'i ya faɗa wa. Ban cika yin rubutu ba, amma duk sanda na ga hoton mutane suna gudu da buhunan shinkafa a ka, an rubuta a ƙasa cewa ɓata-gari sun daka wa kayan agaji wawa, raina yakan ɓaci. Sau da yawa wanda ya haddasa abin ba ya cikin hoton, domin shi ne yake riƙe da kyamarar.

A daren 14 ga Maris 2019, wayewar garin 15, mahaukaciyar guguwar Idai ta afka wa Beira, birni mai mutum kusan rabin miliyan a gaɓar tekun Mozambik. Ƙungiyar Red Cross ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na birnin ya lalace. Iska ta yaye rufin gidaje, sannan ruwa ya ƙarasa sauran. Kogin Buzi da na Pungwe suka cika suka tumbatsa, ƙauyuka suka nutse, mutane suka kwana a kan bishiyoyi da rufin ɗakuna. Babbar hanyar EN6, wadda ta tashi daga Beira ta bi ta Chimoio zuwa iyakar Zimbabuwe, ta yanke. Babu wutar lantarki, babu layin waya. Sama da mutum 600 suka rasu a Mozambik kaɗai, kimanin miliyan 1.85 suka koma neman agaji. Abin da ya fi tayar mana da hankali mu masu lissafin abinci shi ne gonaki: sama da hekta 700,000 ruwa ya shanye, masara ta kusa isa girbi. Mutum ya rasa na rumbu, ya rasa na gona, kasuwa kuma babu hanyar da kaya za su shigo mata.

A kwanakin farko an fasa rumbunan ajiya a Beira, an kwashi shinkafa. Wannan gaskiya ce, ba na ɓoye ta. Amma abin da zan ba ku labari daban ne, kuma ya faru ne bayan hanya ta fara buɗewa, a wata makarantar firamare da ke tsakanin Dondo da Nhamatanda, inda iyalai ɗaruruwa suka fake.

Mun riga mun yi rajista aji-aji, gida-gida. Kowane gida ya karɓi kati mai lamba da adadin bakin da ke ci. An kafa kwamitin rabo, rabinsa mata. Mun auna fili, mun kafa turaku, mun tanadi igiya, mun tsara ƙofar shiga daban ta fita daban. Muka ce musu ranar kaza abinci zai iso: shinkafa, wake, man girki, da ruwan Certeza na tsarkake ruwan sha. Mutanen nan yunwa ta ci su, wasu biskit ɗin agaji kaɗai ke riƙe da su, amma sun yarda sun zauna jira. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san irin wahalar da ake sha kafin a samu wannan yardar.

Ana gobe rabo, da hantsi, sai ga babbar mota guda ta shigo harabar makarantar, ƙananan motoci biyu na biye da ita. Wata ƙungiya ce daga waje, duk sun sa riguna iri ɗaya masu tambari, da masu ɗaukar hoto. Ba su je taron haɗin gwiwa da ake yi a filin jirgin Beira ba, ba su tambayi hukuma ba, ba su tambayi kwamitin sansanin ba. Tun a hanya suke tsayawa suna shaida wa mutane cewa ga abinci nan za a raba a makaranta. Kafin su gama juya mota, mutanen ƙauyukan kewaye sun fara kwararowa ta cikin taɓo.

Na je wurin shugabansu. Na ce, “Yallaɓai, don girman Allah kada ku buɗe motar nan a nan. Buhu nawa kuka kawo?” Ya faɗa mini. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen sansanin ba zai isa ba, balle waɗanda ke tahowa. Na ce su kai kayan sitonmu, gobe a haɗa a raba da kati, su ɗauki hotonsu yadda suke so, tambarinsu ma a manna a kowane buhu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Malam, mutane na mutuwa da yunwa, kai kana maganar takarda?” Jirginsu zai tashi washegari, shi ne gaskiyar maganar. Ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya ɗaga wa yaransa hannu.

Suka ɓalle marfin baya, motar tana tsakiyar fili, gabanta na kallon katanga, ƙofar makarantar kuma guda ɗaya ce tak. Buhu biyar na farko an miƙa su hannu da hannu ana murmushi ana hoto. Daga nan na baya suka gane cewa kayan za su ƙare. Turereniya ta fara. Yaran da ke saman motar suka tsorata, suka koma cilla buhu mai kilo 25 cikin jama'a kamar ana watsa wa kaji tsaba. Buhu ya faɗa a kan mutum, hannu goma su kama, ya yage, shinkafa ta zube a laka. Samari suka fara hawa ta gefe. Direba ya ga ana jijjiga masa mota, ya tayar, ya yi baya, ya juya ya nufi ƙofa, taron ya bi shi a guje.

A bakin ƙofar nan akwai wata tsohuwa zaune a kan dutse da jikokinta biyu. Ko kusa da motar ba ta je ba. Ta samu ta ture yaran cikin kwata, ita kuwa taron ya bi ta kanta.

Da ƙura ta lafa muka same ta kwance, ƙashin cinyarta ya karye, numfashi da ƙyar. Hannunta ɗaya na dafe da ƙullin bakin zanenta. Muna ƙoƙarin ɗaure ƙafar da katakon benci ta kwance ƙullin, ta fito da 'yar leda, a ciki katinmu ne, an ninke shi gida huɗu, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ta yi magana da harshen Sena, tafinta ya juya mini: “Ɗana, ai kun ce gobe. Katin nan yana nan da amfaninsa?” Na ce, “Mama, yana nan.” Ɗakin shan magani mafi kusa ba shi da rufi. Babban asibitin Beira ma guguwar ba ta bar shi ba, ga marasa lafiya har a baranda. An kai ta dai. Daga baya wata mata cikin kwamitin ta gaya mini cewa ba ta tashi ba. Allah Ya ji ƙanta.

A filin kuwa yara sun durƙusa suna tsintar shinkafa daga laka, wata yarinya tana tace ta da yankin gidan sauro a cikin ruwan da ya kwanta kusa da masai. A ƙarshen watan Maris ɗin nan aka tabbatar da ɓullar kwalara a Beira, har sai da aka yi wa sama da mutum 800,000 rigakafi. Ku auna da kanku abin da yarinyar nan take shirin dafawa.

Tsugune ba ta ƙare ba. A daren aka fasa ajin da muka ajiye tamfol da bokitai, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka buɗe sansanin. Da safe motocinmu suka taso, samari suka tare su a hanya da duwatsu, domin jiya sun ga yadda ake samu: mai ƙarfi ya hau ya ɗauka. Mai motocin ya ce ba zai sake loda ba sai da rakiyar 'yan sanda. Rabon da ya kamata a gama kafin azahar ya ja kwanaki. Su wa suka sha wahalar? Masu kati, waɗanda suka zauna suka jira. Buhunan baƙin nan kuwa na gan su da idona a bakin hanya, ana sayarwa gwangwani-gwangwani. Su kuma masu rigunan sun sa bidiyonsu a Facebook, da kiɗa mai taushi, buhu biyar ɗin farko kawai. Shugaban ya ƙara da cewa sun yi iya ƙoƙarinsu amma mutanen wurin ba su da tarbiyya. Wannan kalma har yau tana ci mini rai.

Mai jin yunwa yana iya bin layi, na gani ba sau ɗaya ba. Layin da ba zai bi ba shi ne wanda ya san kaya za su ƙare kafin a zo kansa. In abin da ka kawo ba zai kai ga kowa ba, kada ka buɗe mota. In ba ka da jerin sunaye, kada ka buɗe mota. Niyyarka mai kyau ba ta ɗora ƙashin da ya karye.

Kuma kada wani ya ce wannan halin mutanen wata ƙasa ne. A Fabrairun 2020 a Diffa, wajen rabon agaji ga 'yan gudun hijira, kimanin mutum 20 suka mutu a turmutsitsi, akasarinsu mata da yara. A Disambar 2024 an yi irinsa a Ibadan da Okija da Abuja cikin mako guda. Babu guguwa a ko ɗaya. Kaya kaɗan ne, sanarwa mai yawa, ƙofa ƙarama.

Kada a cilla buhu. Ban san sau nawa zan faɗa ba. Kada a cilla buhu, kada a cilla ledar ruwa, kada a cilla kuɗi. Da zarar abu ɗaya ya tashi sama, ka sanar da kowa cewa ƙarfi ne zai raba, kuma tsohuwa da mai goyo sun fita daga lissafi. Ba a rabo daga saman mota. A sauke kaya tukuna, motar ta bar wurin, sannan a kira lamba. In dole motar ta tsaya, gabanta ya kalli hanyar fita, direba kuma ya sauko da makulli a aljihu.

Masu aiko da madarar gari ta jarirai, ku ji tsoron Allah. Da wane ruwan za a dama? Tsofaffin kaya da takalma ƙafa ɗaya suna cinye mana wurin ajiye abinci. Magungunan da suka kusa lalacewa, ku riƙe abinku. Ɗanyen wake ga wanda ba shi da tukunya, icensa kuma jiƙaƙƙe ne, sai an haɗa masa da abin girki.

Sai maganar jita-jita, wadda take kashe mutane ba tare da an lissafa da ita ba. Bayan guguwar Katrina a 2005, an cika duniya da labarin kashe-kashe da fyaɗe a filin wasan Superdome na New Orleans a Amurka. Da aka bincika, yawancinsu ba su faru ba, amma sun riga sun sa masu ceto ɗari-ɗari, sun sa jami'an tsaro kallon mai neman taimako a matsayin ɗan fashi. Ranar 4 ga Satumba 'yan sanda suka harbi mutum shida da ba su da makami a gadar Danziger, biyu suka mutu. Saƙon murya guda da ke cewa ana fashi a unguwa kaza ya isa ya sa direbobi su ƙi shiga unguwar, kuma unguwar da abinci ya daina shiga, fashin da aka ƙaga mata yakan zama gaskiya. Abin da ba ka gani da idonka ba, kada ka tura. Haka kuma ku daina sanar da wuri da lokacin rabo a intanet. Masu kati sun san ranarsu.

Bulala ma ba ta tsayar da taro. Na gaba yana shan duka ya ja baya, na baya bai san me ke faruwa ba yana turowa, na tsakiya shi ke shaƙewa.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi cikin natsuwa, babu ihu babu gudu, kuma ita ce ba ta shiga labarai da wuri. A Afrilun 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa a gundumar Nhamatanda wasu masu riƙe da jerin sunaye sun nemi kuɗi kafin su rubuta mutum, matan da ba su da kuɗi kuma aka nemi su ba da kansu saboda buhun shinkafa. A wurare da dama sunan maigida kaɗai aka rubuta, aka bar gwauraye da matan da mazansu suka ɓace a ruwa. Saboda haka ni ba na karɓar jerin da mutum ɗaya ya rubuta a ɗakinsa, ko wane ne shi, ko da rawani ko da hular jam'iyya. A karanta sunaye da ƙarfi a gaban jama'a, a manna a bango. A rubuta sunan matar da ke girki. A sa mace a teburin ƙorafi, teburin kuma ya yi nesa da inda mai unguwa ke zaune.

In kana da kuɗi kuma zuciyarka ta motsa, madalla, muna buƙatarka. Ka nemi waɗanda suka riga ka isa wurin, ka tambaye su me ya rage. Wataƙila su ce man girki ne, ko kuɗin hayar kwalekwale, ko irin shuka, domin a yankin Beira bayan ruwa ya janye, irin masara da wake da fartanya manoma suka fi roƙo, su samu su kama ɗan abin da ya saura na shekarar. In kuma ka nace sai ka kawo motarka da kanka, ka kira kwana ɗaya kafin ka taso, ka faɗi adadin buhunan, ka yarda a sauke su a sito. Mai ɗaukar hotonka ya tsaya bayan igiya tare da kowa.