Kada A Biya Kuɗin Gyaran Manhaja Sai An Gwada

A Keffi, masu makarantu masu zaman kansu, da shagunan magani, da masu yi wa ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa rajista ta intanet, da yawansu sun dogara ne ga saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai tana rarraba wa sauran. Galibin sabobi na aiki da buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke da ikon duba rubutunta ya gyara, kamar Linux da Apache. Ana samunta kyauta, amma idan aka gano ɓaraka a cikinta, nauyin tabbatar da gyaran yana wuyan mai amfani da ita.

A watan Disamba na 2021 an bayyana wata mummunar ɓaraka a manhajar Log4j ta gidauniyar Apache, wadda ke bai wa ɓarawo damar sarrafa saba daga nesa. An fitar da gyara mai lamba 2.15.0, amma cikin 'yan kwanaki aka gano bai toshe ɓarakar duka ba. Sai da aka biyo da 2.16.0, da 2.17.0, da 2.17.1 kafin watan ya ƙare.

A Amurka kuwa, kamfanin Equifax bai sanya gyaran manhajar Apache Struts da ya fito a watan Maris na 2017 ba, kuma binciken da ma'aikatansa suka yi bai gano hakan ba. An sace bayanan mutane kimanin miliyan 147, sannan a 2019 kamfanin ya amince da biyan diyya da tara da ka iya kai dala miliyan 700.

Don haka, idan injiniya ya ce ya gyara, ɗan kasuwa ya nemi abubuwa huɗu. Na farko, a nuna masa matsalar tana faruwa kafin gyara, a kan wata kwamfutar gwaji, ba wadda ake ciniki da ita ba. Na biyu, a maimaita wannan gwajin bayan gyara, a kuma sauya masa salo, domin ɓarawo ba ta ƙofa ɗaya yake shiga ba. Na uku, a tabbatar sauran ayyuka, kamar fitar da rasit da lissafin kaya, ba su lalace ba. Na huɗu, a duba lambar manhajar a kan kowace saba, a rubuta ta da kwanan wata.

Gwajin zai ci 'yan sa'o'i da kuɗin aiki. Amma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan abokan ciniki a kan wanda ya tara su. Ya kamata a sanya sharaɗin gwaji cikin yarjejeniya, a kuma riƙe cikon kuɗin aiki har sai an ga sakamakonsa a rubuce.