Kada a Zubar da Ruwan Cin Allo a Kwata

Mai haɗa allon lantarki a gida ya san ruwan ferik kuloraid, mai cinye jan ƙarfen da ba a rufe ba. Idan ruwan ya gaji, da yawa sukan tuttule shi a kwata ko masai. Ku daina. Jan ƙarfen da ya narke a ciki guba ne ga kifi, yana iya tsiyaya har rijiyar unguwa, ruwan kuma yana cin bututun ƙarfe.

A zuba shi a bokitin roba, a waje, da safar hannu da tabarau. A riƙa barbaɗa sodar wanki kaɗan-kaɗan, domin zai yi kumfa sosai, har kumfar ta lafa. A bar shi ya kwana, a tace da tsumma, a shanya lakar. Cikin lakar nan gubar take, don haka a ƙulle ta a kai wa hukumar kula da muhalli.

Ni dai wajen cin allo na fi son kufurik kuloraid, domin ana iya farfaɗo da shi maimakon a zubar. Idan ya yi duhu, a hura masa iska da famfon tankin kifi, a ɗiga asid haidirokulorik. Da ya koma kore shar, ya farfaɗo. Kada asid ɗin ya haɗu da bilic, iskar kulorin za ta tashi.

Ajiya kuwa a jarkar roba mai rubutu, nesa da yara. Gorar lemo sam!