Naira da Sefa a Ma'aunin Zakka: Darasi a kan Canjin Kuɗi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin rahoton bana ya shafi wata mas'ala da ke yawan zuwa gaban kwamitocin masallatanmu na Utai da kewaye. Garinmu na cikin ƙaramar hukumar Wudil, kuma Karar Wudil, wadda ke ci ranar Juma'a, tana cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar Hausa. Dabbobi kan shigo daga Jamhuriyar Nijar ta Maigatari da sauran garuruwan iyaka, fatakenmu kuma kan kai hatsi da sauran haja can. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da naira a asusun mutum na banki, sefa kuma a cikin akwatinsa. Tambayar ita ce: yaya za a haɗa kuɗin biyu a lissafi guda, ba tare da an tauye haƙƙin mabukaci ko an ɗora wa mai dukiya abin da bai hau kansa ba?

Daga wuri zuwa naira

Kakanninmu sun san canji tun kafin zuwan banki. A ƙarni na 19, wuri ne kuɗin kasuwar Kano, ana kawo shi daga tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya. Tare da shi akwai dalar azurfa ta Turai, musamman mai hoton Sarauniya Mariya Tareza, wadda ake buga wa shekarar 1780. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala ɗaya. Babban ciniki kuwa da jaka ake ƙirga shi, jaka ɗaya wuri 20,000.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasa, sai suka shigo da fam da sule da kwabo, suka kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Daga nan muka gaji sisi da taro da anini. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da fam na ƙasa. Ranar 1 ga Janairu, 1973, naira ta maye gurbinsa: fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. A wancan lokaci naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Tun daga Satumbar 1986, lokacin da gwamnati ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, darajarta ke ta sauka, kuma a Yunin 2023, da Babban Banki ya haɗe farashin canji ya bar shi ga kasuwa, ta yi faɗuwar da kowane gida ya ji a jikinsa.

Asalin sefa

Sefa kuwa Faransa ce ta ƙirƙiro ta ranar 26 ga Disamba, 1945, domin ƙasashen da take mulka a Afirka. A yau ƙasashe takwas ke amfani da sefar Afirka ta Yamma: Nijar, Binin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Babban bankinsu guda ne, hedikwatarsa tana Dakar. A Janairun 1994 aka zabge rabin darajarta a dare ɗaya. Tun ranar 1 ga Janairu, 1999, an ɗaure ta da yuro a kan farashi tsayayye: yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957.

A nan bambancin kuɗin biyu yake. Naira tana hawa da sauka bisa halin kasuwa, sefa kuwa tana bin yuro duk inda ya nufa. Don haka farashin da ke tsakaninsu ba ya zama wuri ɗaya, kuma wanda aka yi ciniki da shi bara ba shi da amfani ga lissafin bana.

A lura kuma cewa sefa iri biyu ce. Wadda ake kashewa a Chadi da Kamaru ta Afirka ta Tsakiya ce, babban bankinta yana Yawunde. Darajarsu a kan yuro ɗaya ce, amma takardunsu daban ne, ba a kashe ta wannan yanki a wancan, kuma farashinsu a hannun 'yan canji kan sha bamban. Wanda ya karɓi sefa ya fara duba wacce ce.

Kalma ɗaya, ƙima biyu

Hausa ɗaya muke yi da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, amma ƙirgar kuɗinmu ta rabu. A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, jika kuma sefa 1,000. A wajenmu, in aka ce dala, hankali kan tafi ga kuɗin Amurka; in dattijo ya ce jaka, naira 200 yake nufi, domin fam 100 ce a da.

Idan wani bawan Allah daga Damagaram ya aiko cewa ya ba da “dala dubu” domin rufin masallaci, sefa 5,000 yake nufi. Ma'ajin da bai san haka ba zai iya sanar da jama'a dalar Amurka dubu, daga baya a nemi kuɗi a rasa, zargi ya faɗa kan wanda bai ci ba bai sha ba. Haka kuma a rasiɗan Nijar sau da yawa ɗigo ne ke raba dubbai, sai a rubuta 10.000 ana nufin dubu goma. Maganin wannan duka guda ne: a rubuta adadin da lambobi, a sake rubuta shi da kalmomi, a ambaci sunan kuɗin.

Hukuncin canji a taƙaice

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa ta fuskar zakka da riba. Abubuwa uku ke biyo bayan wannan.

Na farko, naira da sefa jinsi biyu ne, don haka ya halatta a canza su a kan farashin da aka daidaita, da sharaɗin a yi hannu da hannu kafin a rabu. Asalin wannan shi ne hadisin Ubadatu ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim. Malamai na wannan zamani suna ɗaukar shigar kuɗi asusu nan take a matsayin karɓa. Amma a ba da sefa yau a ce a dawo jibi a karɓi naira, wannan bai inganta ba. Naira da naira kuwa jinsi ɗaya ne. Sayar da sababbin takardu da ƙari a kan tsofaffi riba ce.

Na biyu, ana haɗa kuɗin biyu wajen cika nisabi, kamar yadda ake haɗa zinariya da azurfa a mazhabar Malikiyya. Nisabin zinariya dinari 20 ne. Dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira nauyinsa kimanin giram 4.25 ne, shi ya sa ake ƙiyasta nisabi da giram 85. Na azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595. Abin da ake fitarwa ɗaya ne cikin arba'in.

Na uku, wanda ya ranci sefa, sefa zai biya, ko ta hau ko ta sauka. Idan ranar biya suka yarda a biya da naira, to sai da farashin wannan rana, a kuma kammala biya a zaman. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yakan sayar da raƙuma a Baƙi'a da dinari ya karɓi dirhami, aka halatta masa hakan a kan waɗannan sharuɗɗa biyu. Dillalan kara su riƙe wannan da kyau.

Yadda ake lissafin

Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai domin koyo. Farashin gaskiya sai an tambayo shi a ranar da ake bukata.

A ƙaddara ɗan canji yana sayen sefa 1,000 a kan naira 2,500. Wato kowace sefa ɗaya naira biyu da rabi ce. Daga sefa zuwa naira ninkawa ake yi: sefa 40,000 sau 2.5 ya ba da naira 100,000. Daga naira zuwa sefa rabawa ake yi: naira 100,000 a raba da 2.5 ya ba da sefa 40,000. Wanda ya rikice tsakanin ninkawa da rabawa ya tambayi kansa wane kuɗi ne ya fi ƙarfi a ranar. Adadin mai ƙarfi shi ne zai fito ƙarami.

Ɗan canji yana da farashi biyu, na saye da na sayarwa, tazarar da ke tsakani ita ce ribarsa. Mai lissafin zakka ya ɗauki wanda za a biya shi da zai sayar da sefarsa a ranar da shekara ta cika, domin shi ne ainihin abin da ya mallaka. Wanda ya ɗauki mafi tsada don amfanin mabukata ya kyauta.

Akwai hanyar gwada farashin da aka faɗa maka. Tunda sefa a ɗaure take da yuro, sai ka raba farashin yuro da 656. Idan yuro yana naira 1,640, sakamakon zai zama 2.5, wato naira 2,500 a kowace jika. Farashin kasuwa, ko a Wapa ta Fagge ko a bakin iyaka, zai iya ɗan gocewa daga wannan, amma in tazarar ta yi yawa sai a sake tambaya a wani wuri.

Yanzu a ɗauki wani falke mai naira 8,000,000 a banki da sefa 2,000,000 a gida, shekara ta zagayo a kansu, ba a bin sa bashi. A ƙaddara giram ɗaya na zinariya naira 150,000 ne. Nisabi ya zama 85 sau 150,000, wato naira 12,750,000. In ya dubi asusun banki kaɗai zai ce bai kai nisabi ba. In ya mai da sefarsa naira, 2,000,000 sau 2.5, zai sami naira 5,000,000. Jimla naira 13,000,000, ta haura nisabi. Zakkarsa ɗaya cikin arba'in: naira 325,000. Wannan adadi haƙƙin gidaje ne da ke jira, kuma zai salwanta gaba ɗaya idan aka bar kuɗin akwati a waje da lissafi. Yana iya fitar da kason sefar da sefa, wato 50,000, kason naira kuma 200,000. Duk ɗaya ne. Game da nisabin kowane lokaci, a koma ga sanarwar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano.

Nasiha ga kwamitocin masallatai

Dukiyar zakka da ta waƙafi amana ce, kuma canji ƙofa ce da amana kan zube ta cikinta ba a sani ba. Muna roƙon kowane kwamiti ya kiyaye waɗannan:

1. A rubuta gudummawa da kuɗin da aka kawo ta, da ranar karɓa, da manufar mai bayarwa: zakka ce, ko sadaka, ko waƙafi.
2. Ranar canji a tambayi farashi a wuri biyu ko uku, mutum biyu su halarta, a rubuta farashin da abin da aka karɓa, su sa hannu.
3. Kada ma'aji ko wani ɗan kwamiti ya canza kuɗin gidauniya daga aljihunsa, ko da a farashin kasuwa ne. Nisantar abin zargi ya fi wanke kai.
4. Kada a riƙe sefar zakka ana jiran ta ƙara tsada. Zakka ta masu ita ce tun ranar da aka fitar da ita, yunwarsu kuma ba ta jiran kasuwa.
5. Kuɗin waƙafi da aka tara don aikin da bai fara ba, kwamiti ya zauna ya yanke ko a bar su a sefa ko a canza, a rubuta dalili, a sanar da mai waƙafin in yana raye.
6. Idan canji ya kawo rara a kan abin da aka ƙiyasta, rarar ta manufar da aka ba da kuɗin ce, ba ta wani aiki daban ba.

Ga masu bayarwa kuma, ya ku 'yan'uwa, ranar da shekarar dukiyarku ta cika ku fito da duk abin da ke hannu, naira da sefa, da riyal ɗin da ya rage daga guzurin Hajji, da dalar da aka ajiye don kuɗin makarantar yara, ku mai da su ma'auni ɗaya da farashin ranar. Wuri ya wuce, fam ya wuce, takardun naira ma an sha sauya musu kama, amma ɗaya cikin arba'in yana nan yadda aka farlanta shi. Wanda lissafi ya shige masa duhu ya zo ofishin gidauniya ko ya tuntuɓi limamin unguwarsa. Tambaya rabin ilimi ce.

Allah ya karɓa daga masu bayarwa, ya sanya albarka a abin da ya rage musu, ya taimaki masu riƙon amana a kan amanarsu. Amin.