Hancin da aka yi wa aiki, da iskar Agadas

Wanda aka yi wa aikin hanci, ko gyaran guringuntsin tsakiya ko cire tsiro, yakan koma gida da zaton an rabu da wahala. Wasu kuwa sai wata shida ya wuce suna fama: majina ta bushe ta yi ɓawo ta toshe, jini na ɗiga da asuba. Wani in ya ja numfashi hancin ya yi fito, alamar ƴar huda a bangon tsakiya. Akwai ma wanda hancinsa a buɗe yake, amma yana jin kamar iska ba ta shiga. Don Allah ƴan gida a daina ce masa raki.

A Agadas bushewa ce ke ƙara dagula lamarin, balle in hunturu ya kama. Saboda haka wanke hanci ya zama aikin kullum, safe da yamma. A tafasa lita ɗaya ta ruwa, a bar shi ya huce, a zuba gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Gishirin leda mai tsabta nake nufi, ban da kantun Bilma, don akwai ƙasa a cikinsa. A sunkuya, a buɗe baki, a tura ruwan a hankali da sirinji marar allura. Ɓawon zai yi laushi ya fito da kansa. Ƙwaƙule shi da farce ke jawo jini. Kullum a haɗa sabon ruwa. In za a fita a ja amawali ko mayafi a rufe hanci, a nisanci taba da hayaƙin turaren wuta.

Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kuwa, kada ya wuce kwana 5, in ba haka ba shi zai koma toshe hancin.

Ruwa garai mai ɗiga ta kafar hanci ɗaya, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, kumburin ido, gani biyu-biyu, ko haɓon da ya ƙi tsayawa bayan minti 15 ana matse hanci: in an ga ɗaya daga cikin waɗannan a nufi babban asibitin jihar Agadas a ranar.

Sauran kuma na likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne, wanda ake kira ORL. In an tura ka Zinder ko Yamai, tafiyar ba kusa ba ce, Yamai ma ta haura kilomita 900, don haka a tabbatar da ranar ganin likita kafin a sayi tikiti. A riƙe takardar bayanin aikin farko, da hotunan sikana, da kwalayen magungunan da aka sha. A roƙi a leƙa cikin hancin da ƴar kyamara. In likitan ya kawo zancen aiki na biyu, a tambaye shi me zai gyara, me ba zai gyara ba, kuma wa zai riƙa duba ka in ka dawo gida.