Yadda ake suyar gyaɗar mai a Kwaya

Kafin a hura wuta, sai an ɗanɗana. Mai suyar da ta san aikinta takan ɗebi 'yan ƙwayoyi daga tiya, ta murza a tafin hannu, ta jefa ɗaya a baki. In ta fashe ƙaras, manomin ya bar ta ta sha rana sosai bayan ya tuge ta. In ta yi taushi ko ta bar ɗaci a harshe, to damshi ya same ta, kuma babu wutar da za ta gyara wannan. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai illa ga hanta. Shi ya sa muke zama da faifai mu tsince baƙaƙe da motsattsu ɗaya bayan ɗaya, ko da hantsi zai wuce muna kai.

Mu nan Kwaya, a ƙasar Magariya, da 'yan'uwanmu na Dungas, jigawa muke nomawa, gyaɗa kuwa tana son jigawa. Ni 'yar Dakar na fi so, wadda malaman gona ke kira 55-437. Daga Senegal irinta ya fito, ƙwayarta ƙanana ce, tana nuna cikin kwana 90. Dattawa ba su manta zamanin SONARA ba, kamfanin sayen gyaɗa da aka kafa a 1962, lokacin da gyaɗa ce dukiyar Nijar. Farin 1973 da kuturtar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da wannan arziki. Duk da haka wasu manoma ba su yar da irinsu ba, kuma albarkacinsu muke ci yau.

An gama tsinta, sai a ɗora kasko. Wuta marar ƙarfi ake so, ta karan gero ko ƙirare, domin wuta mai ci takan ƙona bayan gyaɗa ta bar cikinta ɗanye. Wasu na zuba yashi mai tsabta don zafin ya game. Daga nan hannu ba ya hutawa. Ana juyawa, ana kasa kunne, ana shinshinawa. Da farko warin ɗanye ne ke tashi, can sai ƙamshi ya cika gida har maƙwabta su san abin da ake ciki. A ɗauki ƙwaya ɗaya a murza: in jar fatar ta saɓule da kanta, cikin ya yi ja-ja kaɗan, a sauke nan take. Kada a ce bari ta ƙara, don zafin jikinta zai ci gaba da soya ta a kan tabarma. Gyaɗar da ta zarce baƙin mai take bayarwa, ƙulinta kuma ɗaci.

In ta huce a murje, a sheƙe, a kai inji a markaɗe.

Sai fitar da mai, aikin da ke cin ƙarfi. A zuba markaɗen a turmi, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya, har tunkuza ta haɗe jikinta, mai ya taso yana ƙyalli. A kwashe, a matse tunkuzar, a sa gishiri, a mulmula ƙuli-ƙuli a soya shi cikin mansa.

Masu suyar gahawa na ƙasashen waje sukan buga sunan yankin da aka noma ta a jikin leda, kamar Yirgacefe ta Habasha, don a san hannun da ya yi wahalar. Abin ya burge ni ƙwarai. Mu ba mu da leda mai rubutu, amma na san gonar da kowane buhu ya fito. Akwai wani dattijo da gyaɗarsa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ba ya gaggawar tugewa, ba ya zuba ta a buhu da sauran laima. Ba na taya kayansa. Duk kaka, man farko da na fitar nakan cika masa kwalba, in ƙulle ƙuli mai zafi in ba yaro, in ce ya kai wa Baba, ya ce ina gaishe shi da aiki.